Wankin Cikin Inji: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Akwai wata al'ada da ta shigo garejojinmu da gidajen mai, wadda ya kamata a yi wa jama'a magana a kanta tun ba ta zama jiki ba. Mutum ya kan kai motarsa a yi mata juye, watau a zubar da tsohon baƙin mai a zuba sabo. Kafin a kwance ƙusar da ke ƙarƙashin injin, sai yaron gareji ya ɗauko wata 'yar kwalba mai kyawun zane, ya ce, "Alhaji, a fara zuba mata wannan ya wanke mata ciki. In an yi haka za ta koma sabuwa dal, ta bar hayaƙi, ta rage shan mai." Mai mota kuwa, da ya ke yana son dukiyarsa, sai ya sa hannu a aljihu. Wanda ba shi da kuɗin kwalba kuma, sai a ce masa ai kananzir ko gas ma suna yin aikin.

Abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne, wannan wanki a mafi yawan lokaci asarar kuɗi ne, wani lokaci kuwa asarar inji ne ɗungum. Injin da a ke kula da shi ba ya bukatarsa. Injin da aka yi wa sakaci har ya cika da dauɗa kuwa, shi ne wanda wankin ya fi yi wa haɗari. Ba mu so kowa ya karɓi wannan magana don mun faɗa. Bari mu bi ta daki daki, mai karatu ya auna da hankalinsa.

Da fari, mene ne aikin baƙin mai a cikin inji? A ƙarƙashin inji akwai kwano inda mai ke taruwa. Akwai famfo mai zuƙo shi daga kwanon ta bakin wata rariya ta waya mai ƙananan idanu, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ta wasu 'yan hanyoyi da aka huda a jikin ƙarfe, har ya kai ga duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Babban sandan da fistin ke juyawa, wanda kanikawa ke kira karanshaf, ya kan yi juyi kamar 2,500 ko 3,000 cikin minti guda sa'ad da mota ke kan hanya. Tsakaninsa da mazauninsa akwai 'yar tazara wadda ba ta kai kaurin silin gashin kai ba, mai ne kaɗai ke cike ta. Kadan man nan ya yanke, ko na minti ɗaya ne, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, ya yi zafi, ya narke ya kama juna. Wannan shi ne abin da a ke cewa inji ya buga. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin gyaran injin da ya buga ya san ba ƙaramar magana ba ce.

To, daga ina dauɗa ke zuwa? Duk sa'ad da fetur ya ƙone, ya kan bar toka da tururin ruwa da wani abu mai tsami. Kaɗan daga cikinsu su kan sulale ta gefen ringi su faɗa cikin mai. Zafi kuma yana dafa man a hankali har ya yi kauri. Ga ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye tana shiga in filtar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba. In mai ya daɗe ba a sauya shi ba, waɗannan abubuwa su kan haɗu su zama wani baƙin taɓo mai danƙo kamar kwalta, ya lafe a murfin inji da kwano da hanyoyin mai. Wannan taɓo gaskiya ne, ba ƙirƙirar masu talla ba ne. Inda su ke ruɗin mutane shi ne wajen maganinsa.

Abin da mai kwalba ba ya faɗa maka shi ne, man kirki da ka saya a galan ɗinsa a rufe ya riga ya zo da sabulunsa a ciki. Tun cikin shekarun 1930 injunan dizal na kamfanin Caterpillar a Amurka su ka riƙa samun maƙalewar ringi saboda dauɗa, masu yin mai su ka shiga neman sinadarin da zai hana haka. Zuwa 1947 ƙungiyar masu harkar mai ta Amurka, wadda a ke kira API, ta kasa man inji kashi uku, ta ware mai sabulu a matsayin na aiki mai nauyi. Tun daga nan a ke ta ƙara inganta shi. A yau, cikin kowace lita ta man kirki, abin da ya kai kashi 10 zuwa 25 cikin 100 sinadarai ne da aka auna aka zuba. Wani yana hana dauɗa lafewa a ƙarfe mai zafi. Wani yana riƙe ƙwayoyin toka suna yawo cikin mai, kada su dunƙule, har ranar juye su fita tare da shi. Wani yana kashe tsami, wani yana hana ƙarfe cinyewa. Masana sun yi shekaru suna gwada ma'aunin kowane ɗaya, domin in wani ya yi yawa ya kan hana ɗan'uwansa aiki. Ashe ke nan kowane juye da ka yi a kan lokaci wanki ne, wanki kuwa na hankali, wanda ke ɗebe dauɗa kaɗan kaɗan ba tare da tsinka komai ba. Wanda ya zuba wata kwalba a kan wannan, kamar wanda ya zo ya tarar an gama miya ne, ya ɗebi kanwa da gishiri ya ƙara ba tare da ya ɗanɗana ba.

Me ke cikin kwalbar? Iri iri ne. Waɗansu galibin abin da ke ciki wani mai ne tsararo, dangin kananzir, mai narkar da danƙo. Waɗansu kuwa sabulun nan ne na cikin mai aka tara shi da yawa. A kan zuba shi cikin tsohon mai, a ta da mota ta yi minti 10 ko 15 tana tsaye, sa'an nan a juye.

Yanzu sai mu ɗauki motoci biyu. Ta farko mai ita ba ya wasa da juye. In ka buɗe murfin da a ke zuba mai ka leƙa, za ka ga ƙarfe fes, ko da ɗan launin zuma. Me za a wanke a nan? Babu. Kuɗin kwalba ya tafi a banza, da an ƙara shi an sayi filta mai kyau da ya fi amfani.

Ta biyu ta yi shekaru ana yi mata sakaci, taɓo ya yi kauri a ciki har ya bushe ya yi ɓawo. Mai karatu ya tuna da abin da ke faruwa a gari ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Duk sharar da ta kwanta a magudana tun rani, da leda da kara da tsumma, ruwa ya kan kwaso ta gaba ɗaya ya kai ta bakin kwalbati, ta toshe shi, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane. Haka wankin kwalba ke yi wa irin wannan inji. Taɓon da ya yi shekara biyar yana taruwa ba ya narkewa sarai cikin minti goma. Ɓamɓarewa ya ke yi guntu guntu. Wani ya fita ta ramin juye, wani ya tsaya a kwano. Bayan an zuba sabon mai an hau hanya, sai guntayen nan su taru a bakin rariyar famfo, ko su shiga wata siririyar hanya su tsaya. Mai ya daina isa sama. Jar fitilar mai ta kama, in direba ya lura ya tsaya nan take ya tsira, in bai lura ba inji ya buga a tsakiyar daji. Motar da ta shigo gareji da ƙafarta jiya, yau sai an jawo ta da igiya. Garin neman gira an rasa ido.

Ba shi ke nan ba. A tsohon inji robobin da ke tare mai a bakin sanduna sun riga sun bushe sun yi tauri, sau da yawa dauɗar da ta lafe a gefensu ita ke rufe 'yan tsagogin da su ka yi. In an wanke ta, sai yoyo ya tashi inda da babu. Har wa yau, mai ba ya fita duka ranar juye. Kullum akwai saura a lunguna da hanyoyi. Abin da ya saura na maganin sai ya gauraya da sabon man da ka biya kuɗi mai yawa ka saya, ya tsinka shi tun ranar farko.

Maganar kananzir da gas kuwa ta fi muni. Ka ɗiga kananzir a yatsunka ka murza, sa'an nan ka ɗiga baƙin mai ka murza, ka ji bambanci. Kananzir ba shi da kaurin da zai tsaya tsakanin ƙarfe biyu masu danna juna da ƙarfi. Duk mintin da inji ya yi yana juyawa da shi, ƙarfensa na cinyewa. Ɓarnar ba ta bayyana ranar, shi ya sa mai yin wannan aiki ke rantsuwa bai taɓa ganin ta kashe mota ba. Bayan wata uku in inji ya fara ƙwanƙwasa, wa zai tuna da kananzir?

Akwai wata shaida da su kan nuna wa mai mota. Su kan tara man da ya fito a daro, su ce, "Duba baƙinsa, ka ga abin da magani ya fitar." Wannan dabara ce irin ta masu tallan magani a tasha. Tsohon mai baƙi ne ko an zuba kwalba ko ba a zuba ba. Baƙin nan ma alama ce ta cewa man ya yi aikinsa, ya riƙe toka ya fito da ita. A injin dizal sabon mai ya kan yi baƙi cikin 'yan kwanaki, ba kuwa don ya lalace ba. Mai mota kuma in ya ce ya ji motar ta yi laushi bayan wanki, sai ya tambayi kansa, ashe ba sabon mai da sabuwar filta aka sa mata a ranar ba?

Me masu ƙera motocin su ka ce? Su ne su ka san cikin injin, su ne kuma ke biyan gyara in ya lalace yana sabo. Kamfanin General Motors ya rubuta wa masu gyaran motocinsa cewa bai yarda da wankin cikin inji ba, bai kuma ga bukatarsa ba. Littafin da Honda ke bayarwa tare da mota yana gaya wa mai ita cewa manta ba ya bukatar ƙarin wani sinadari. Yanzu kai da ka iya karatu, buɗe littafin motarka ka duba jerin ayyukan da aka ce a yi mata. Za ka ga sauya mai, da filta, da fulogi, da ruwan lagireto, kowane da lokacinsa. Nemi inda aka ce a zuba kwalbar wanki.

A Amurka, inda yawancin irin waɗannan kwalabe su ka samo asali, akwai hukumar gwamnati mai kula da gaskiyar ciniki da talla, ana kiranta FTC. Ta sha kai ruwa rana da masu sayar da sinadaran zubawa a inji. A 1978 kamfanin STP ya biya tarar dala 500,000 a kan tallansa, a 1995 kuma aka sake biyan dala 888,000. A 1997 masu Slick 50 su ka yarda su daina faɗin abin da ba su da hujjarsa. A 2000 masu Dura Lube su ka yarda su fitar da dala miliyan 2 a mayar wa masu saye, a 2003 masu zMax su ka yarda da dala miliyan 1. Galibin waɗannan alkawarin rage cinyewar ƙarfe da rage shan mai su ka yi, watau 'yan'uwan kwalbar wanki ne, shago ɗaya a ke sayar da su, da baki ɗaya a ke tallansu. In a ƙasar da ke da hukuma mai bin diddigin talla an yi haka, ina ga kwalbar da ba a san wanda ya cika ta ba, wadda ta yi wata da watanni tana shan rana a bakin titi?

Ga wani misali da ya shafe mu kai tsaye. Waɗansu motocin Toyota da aka ƙera tsakanin 1997 da 2002, cikinsu har da Camry da Sienna, sun yi suna a Amurka wajen tara taɓo. Masu motoci su ka ce laifin ƙirar injin ne, kamfani ya ce laifin jinkirin juye ne. Aka je kotu, a 2007 aka yi sulhu wanda ya shafi motoci fiye da miliyan 3, a kan kamfani ya ɗauki nauyin gyaran injunan da su ka lalace. To, da kwalbar 'yan daloli tana warkar da wannan ciwo, da kamfanin ya aika wa kowa da tasa ya huta. Irin waɗannan motoci kuwa su ne su ka biyo jirgin ruwa su ka zo mana da sunan 'yan Kwatano ko Baljiyam, ga su nan cike da tashoshinmu suna ɗaukar fasinja. Mai sayensu bai san yadda aka riƙe su a can ba. Irinsu ne aka fi yi wa tayin wanki, irinsu ne kuma wankin ya fi kashewa.

Kada a ce mun yi wa kowace kwalba kuɗin goro. Akwai wadda a ke zubawa a tankin fetur, don ta wanke bakin injekta da bayan bawul. Wannan dabam ce, tana kuma da hujja. Tun 1995 dokar Amurka ta wajabta a sa sabulu a duk fetur ɗin da a ke sayarwa. A 2004 kamfanonin BMW da General Motors da Honda da Toyota su ka ga abin da doka ta nema ya yi kaɗan, su ka kafa ma'auni mafi tsanani mai suna Top Tier. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada, ta tarar fetur ɗin da bai kai wannan ma'auni ba ya bar dauɗa ninki 19 a bayan bawul, cikin tafiyar da ta yi daidai da mil 4,000. Saboda haka kwalbar fetur ta sanannen kamfani, mai ɗauke da sinadarin da a ke kira PEA, tana iya taimakon motar da injektocinta su ka fara toshewa, in an bi ma'aunin da aka rubuta. Amma ita ma tana da iyaka. Sababbin motoci da yawa suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ba ya bi ta bayan bawul ko kaɗan, don haka abin da aka zuba a tanki ba ya taɓa dauɗar wurin. Sai an kwance an kankare. Babu kuma kwalbar da ke mayar da ƙarfen da ya cinye. Motar da ke fitar da shuɗin hayaƙi don ringinta ya ƙare, ringi ta ke so.

Ko wankin mai ɗin ma yana da ranarsa. In gasket ya ƙone ruwa ya shiga mai har ya zama kamar fura, bayan an gyara, gwanin bakanike yana iya ɗauraye cikin kafin ya zuba man zama. Wannan aiki ne da aka yi don dalilin da aka gani da ido. Abin da mu ke ƙi shi ne a mai da shi sadakar kowace mota, ba dubawa ba tambaya.

To, me mai mota zai yi? Rigakafi ya fi magani. Ƙasarmu da zafinta da ƙurarta da cunkoson birni, inda mota ke tsayawa inji na juyawa, ita ce abin da littattafan motoci ke kira aiki mai tsanani, da yawansu kuwa suna cewa a irin wannan hali a yi juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Ka rubuta ranar juye da lambar kilomita a ɗan littafi ka ajiye a mota. Ka sayi mai a galan rufaffe, ka duba alamar API a jikinsa, SN ko SP ko abin da ya fi su sabunta in motar fetur ce, da kaurin da littafin motarka ya faɗa. Ka guji man da a ke aunawa a kwalba a bakin hanya, domin sau da yawa ɗanyen mai ne wanda ba a sa masa sabulu ba, ko tsohon da aka tace. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, SON, ta sha kama irinsa. Araha ba ta ado. Ka sauya filta duk juye. Ka kakkaɓe filtar iska, ka sauya ta in ta gaji. Kada ka bari a cire maka tamostat da sunan wai ƙasarmu zafi gare ta, domin inji yana so ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 90, kafin ruwan da ya shiga mai ya zama tururi ya fita. Injin da ke yawo da sanyi shi ke tara taɓo.

In kuwa ka sayi tsohuwar mota ka leƙa ka ga dauɗa kaɗan, sai ka yi mata juye biyu ko uku a kusa da juna, kamar duk kilomita 1,500 ko 2,000, da man kirki da sabuwar filta. Sabulun man zai ɗebe ta a hankali. In taɓon ya yi kauri, hanya ɗaya ce: a kwance kwanon ƙasa da murfin sama, a wanke su da hannu a waje, a wanke rariyar famfo har a ga haske ta idanunta, a mayar. A nan kananzir yana da amfani, cikin daro, da buroshi, nesa da injin da ke juyawa. Aikin yini guda ne, ya fi kwalba tsada, amma abin da aka kankare ya fita ke nan, ba ya komawa ya toshe komai.

Ku kuma kanikawa, sana'arku amana ce. Mai mota ba ya ganin cikin inji, da idonku ya ke gani. Ribar kwalba ta yini ɗaya ce, amma mutumin da kuka gaya wa gaskiya zai dawo, ya kuma kawo ɗan'uwansa. Kafin ku zuba kome, ku buɗe ku duba, ku faɗa masa abin da kuka gani.

Kai kuma mai mota, ko direban da aka ba amanar motar wani, ran da aka miƙo maka kwalba, yi tambaya uku. Me ka gani a injin nan da ya sa ya ke bukatar wanki? A wane shafi na littafin motar aka ce a yi? In ya buga bayan an yi, wa zai biya? Kadan ba a ba ka amsa mai gamsarwa ba, mai da kuɗinka aljihu, ka ce a yi juye kawai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.